Amatrice Da Norcia: Me Ke Riƙe Tsohon Gidan Dutse Idan Ƙasa Ta Girgiza?

'Yan uwa ɗalibai, darasin wannan fitowa na 'yan sashen Sibil ne da na Zanen Gine-gine da masu lissafin kuɗin gini, amma kada ɗan Akanta ko 'yar Kimiyyar Abinci su juya shafi. Kowa a ƙarƙashin rufi yake kwana.

Da ƙarfe 3:36 na dare, wayewar Laraba 24 ga Agusta, 2016, ƙasa ta girgiza a tsaunukan tsakiyar Italiya da ƙarfin maki 6.0. Mutum 299 suka rasu. Fiye da 230 daga cikinsu a ƙaramar hukuma guda suka mutu, wato Amatrice, wadda mazaunanta ba su kai 3,000 ba, sai dai lokacin hutu ne, garin cike yake da baƙi. Tsakiyar garin ta koma tarin duwatsu. Hasumiyar agogonsu ta tsaya, agogon kuma ya tsaya cak a kan 3:36.

Kimanin kilomita 25 daga nan akwai wani gari, Norcia. Shi ma tsoho ne, shi ma na dutse ne, shi ma ya sha girgizar a wannan daren. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. Bayan wata biyu, ranar Lahadi 30 ga Oktoba da ƙarfe 7:40 na safe, wata ta sake zuwa mai maki 6.5, wannan karon dab da Norcia. Kada ratar 0.5 ta ruɗe ku. A wannan ma'auni, ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin da aka saki ya ninka wajen sau 32, rabin maki kuwa ya haura sau biyar. Ita ce mafi ƙarfi da Italiya ta gani tun 1980. Babbar majami'ar San Benedetto ta zube, fuskarta ta gaba kawai ta rage. Wasu sassan ganuwar garin sun faɗi. Amma galibin gidajen kwana na cikin gari sun tsage ne suka tsaya a kan ƙafafunsu, kuma ba a samu wanda gini ya danne ya kashe ba. Gaskiya ne mutane da yawa sun riga sun bar gidajensu saboda girgizar da aka yi ranar 26 ga watan, dole a faɗi wannan. To amma gidajen da suka bari ɗin, ai sun dawo sun tarar da su tsaye.

Dutse iri ɗaya, tsauni ɗaya, shekara ɗaya. Me ya raba su?

Abin da girgiza ke yi wa bango

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ka tsaya a cikin a-kori-kura ba ka riƙe komai ba, direba ya fizgi mota. Ƙafarka ta tafi da mota, jikinka ya ce shi yana nan. Haka gida yake. Ƙasa ce ke fizgar harsashi, saman ginin kuma nauyinsa ya hana shi bi nan take. Daga nan ƙarfin da ke tura bango ta gefe yake fitowa, kuma shi ne dai lissafin nan na ajin farko: ƙarfi daidai yake da nauyin abu sau saurin fizgar da aka yi masa. Gini mai nauyi ya fi shan duka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi bangon dutse gwani ne wajen ɗaukar kaya daga sama. Ka ɗora masa hawa uku, ba zai ce uffan ba, shekara ɗari biyar. Abin da ba ya iyawa shi ne a ja shi ko a tanƙwara shi, don abin da ke tsakanin dutse da dutse ba ya riƙe ja. Girgizar ƙasa kuwa ja da tanƙwara ne sana'arta.

Ku ɗauko biro. Bango mai tsawon mita 5, tsayin mita 3, kaurin rabin mita. Girmansa kubik mita 7.5 ke nan. A ce kowace mita ɗaya ta irin wannan gini tana da nauyin kilo 2,200, bangon ya tashi tan 16.5. Idan ƙasa ta fizge shi da kashi 30 cikin 100 na ƙarfin jan ƙasa, abin da ke tura shi ta gefe ya kusa nauyin tan 5. Na'urorin da ke garuruwan nan biyu sun auna abin da ya wuce haka.

Yanzu a ce bangon nan shi kaɗai yake tsaye, ba a ɗaure shi da komai ba. Nauyinsa na ƙoƙarin zaunar da shi, da hannu mai tsawon rabin kaurinsa. Fizgar na ƙoƙarin kifar da shi, da hannu mai tsawon rabin tsayinsa. In ka daidaita su, nauyin ya soke a ɓangarorin biyu, abin da ya rage shi ne kauri a raba da tsayi. Rabin mita a raba da mita 3 ya ba ka 0.17. Wato da fizgar ta kai kashi 17 cikin 100, bango ya fara ɗaga ƙafa. In bene ne mai mita 6 da kauri iri ɗaya, kashi 8 ya isa. Lissafin a sauƙaƙe yake, don girgiza tana zuwa ne tana komawa da sauri, bango kan yi tangaɗi ya koma mazauninsa. Amma ya nuna mana dalilin da ya sa majami'un Norcia suka zube gidaje suka tsaya: dogon bango, faffaɗan zaure, babu bangon tsakiya da zai tokare shi.

Bangon da aka tura ta tsawonsa kuwa labarinsa daban ne. Yana da ƙarfi sosai ta wannan fuska. In abin ya yi masa yawa sai ya tsage a karkace, girgizar ta komo ta tsaga shi ta ɗaya ɓangaren, ka ga alamar X tsakanin taga da taga. Mummunan gani ne, amma sau da yawa irin wannan bango yana ci gaba da riƙe rufi har mutane su fita. Saboda haka duk dabarar ita ce a hana bango faɗuwa ta fuskarsa, a miƙa nauyinsa ga bangwayen da ke tsaye a gefensa.

Cikin bangon

Kafin a kai ga wannan dabara akwai sharaɗi: sai bangon kansa ya zama abu guda. Nan Amatrice ta fara faɗuwa jarrabawa.

Yawancin tsofaffin bangwayen dutse ba dunƙule suke ba. Magini kan jera dutse a fuskar waje, ya jera a fuskar ciki, tsakiya kuma ya cika da ɓaraguzai da tsakuwa da kwaɓi. Kai da ke waje ka ga bango mai kaurin santimita 60. Girgiza kuwa siraran bangwaye biyu take gani da shara a tsakaninsu. Da an fara jijjiga, abin da ke tsakiya ya zazzago ƙasa ya tura fuskokin biyu waje, fuskar waje ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Maganinsa tsoho ne: a riƙa sa dogon dutse jefi-jefi wanda ya ratsa kaurin bangon daga wannan fuska zuwa waccan, ya ɗinke su. Maginin da ya san aikinsa ba ya tsallake wannan. Wanda ake gaggauta shi ko aka tsuke masa kuɗi yakan tsallake, kuma babu mai gani, tunda filasta ta rufe.

Sai siffar dutsen. Dutsen da aka sassaƙa mai faffaɗar fuska yana zama a kan ɗan uwansa, gogayya ta riƙe su ko da kwaɓi ya gaza. Dutsen rafi mai sulɓi, mulmulalle, kwaɓi ne kaɗai ke riƙe da shi. Injiniyoyin da suka duba ɓaraguzan Amatrice sun tarar da bangwaye da yawa na duwatsu marasa tsari, da kwaɓi mai rauni wanda ke murmushewa a hannu ya zama gari. Irin wannan bango ba ya ma samun damar kifewa a matsayin bango. Wargajewa yake yi a inda yake. Shi ya sa hotunan garin tarin duwatsu ne, da wuya ka ga shafin bango guda kwance.

Kwaɓin tsofaffin gidajen Turai na farar ƙasa ne da yashi. Ana ƙona dutsen farar ƙasa, a jiƙa shi, a kwaɓa, sannan ya riƙa taurara a hankali yana shan iska. Ya fi dutse laushi, kuma wannan alheri ne: in gini ya motsa, tsagar kan bi layin kwaɓi ta bar dutsen lafiya, danshi kuma yana samun hanyar fita. Aibinsa shi ne ruwa na cin sa in aka bar shi, musamman in tun farko an yi rowar farar ƙasar an cika shi da ƙasa.

Ɗaure gida ya zama akwati

Ku ɗauki kwalin taliya marar murfi, ku yanke kusurwoyinsa huɗu. Ko hura shi ka yi sai ya baje. Ku manne kusurwoyin ku rufe murfin, sai ka ga yaro ya zauna a kai. Kwali ɗaya ne, ɗauri ne ya bambanta.

A gidan dutse ɗaurin farko yana kusurwa. Ana sa manyan sassaƙaƙƙun duwatsu, wannan ya miƙe ta wannan bango, na samansa ya miƙe ta wancan, kamar ka sarƙe yatsun hannuwanka. Na biyu shi ne daɓen bene da rufi. Gungumen da aka ɗora a kan bango kawai, da an jijjiga sai ya zame ya fito, ko kuma ya riƙa dukan bangon kamar taɓarya. Wanda aka kafe shi da ƙarfe a jikin bango ya zama igiya mai riƙe bangwaye biyu.

Na uku shi ne wanda duk mai yawo a tsofaffin garuruwan Italiya zai gani ko da bai san sunansa ba: wasu guntayen ƙarafa manne a jikin bango ta waje, daidai layin bene, wani a miƙe, wani kamar faranti. Ba ado ba ne. Kan wata doguwar sandar ƙarfe ce da ta ratsa gidan daga wannan bango zuwa wancan. In bangon gaba ya so faɗuwa titi, sandar ta ja shi, ta miƙa nauyinsa ga bangwayen gefe waɗanda ke da ƙarfi ta wannan fuska. A ganina, cikin duk abin da ɗan Adam ya ƙirƙiro don tsohon gini, babu mai araha da amfani kamar wannan sanda. Ba ta ƙara wa gida nauyin kirki, ba ta ɓata shi, kuma maƙeri na iya yin ta.

Norcia ta san duk wannan ne don ta sha wuya. Girgiza ta rusa ta a 1703, ta sake a 1730, ta sake a 1859. Bayan ta 1859, gwamnatin Fafaroma da ke mulkin yankin a lokacin ta kafa wa garin dokar gini: an iyakance tsayin gidaje, an tsaurara kan kaurin bango da irin kayan aiki. Har yau gidajen garin gajeru ne, da yawa gindin bangonsu ya fi samansa faɗi. Ku koma kan lissafinmu na kauri a raba da tsayi, za ku ga abin da dokar ta yi: ta ƙara na sama, ta rage na ƙasa. Sannan aka yi wata girgizar a 1979, wata kuma a 1997, kuma bayan kowacce an bi gidaje an gyara da kuɗin hukuma. An sa sandunan ƙarfe, an ɗura ruwan kwaɓi cikin ramukan bango, wasu bangwayen an yi musu rigar ragar ƙarfe ciki da waje aka ɗinke ta ta cikin bangon. Ita ma Amatrice girgiza ta taɓa rusa ta a 1639. Ɗaruruwan shekaru sun shuɗe, ai an manta.

Adalci dai, ba gini kaɗai ba ne. Irin ƙasar da gari ke zaune a kai da inda girgizar ta dosa suna da nasu hannun, kuma Amatrice ta sha mugun duka a daren nan. Amma babu injiniyan da ya zagaya garuruwan biyu ya dawo yana cewa sa'a ce kawai.

Wasu ƙasashen da katako suka yi tasu ɗamarar. A Kashmir da arewacin Pakistan akwai ginin da ake kira bhatar: a jera dutse kamu ɗaya ko biyu, a shimfiɗa katako biyu a tsawon bangon a haɗa su da gajerun katakai kamar tsani kwance, a sarƙe su a kusurwa, a ci gaba da dutse, a sake. Akwai kuma dhajji dewari, inda ake yin firam na katako mai ƙananan gurabe a cike su da dutse da laka. Girgizar 8 ga Oktoba, 2005, mai maki 7.6, ta kashe mutum fiye da 70,000, da yawansu a ƙarƙashin bangwayen dutse marasa ɗauri da ginin kankare na ha'inci. Gidajen dhajji sun fi jurewa, har hukumar sake gina yankin ta amince da tsarin, aka gina dubban gidaje da shi. Sirrinsa shi ne ba ya taurin kai. Kowane ɗan gurbi yana motsi kaɗan, yana gogayya, ƙarfin girgizar yana ƙarewa a nan maimakon ya taru a tsaga guda.

A Cusco ta ƙasar Peru kuma, girgizar 1950 ta yi wa majami'ar Santo Domingo da Sifaniyawa suka gina mummunar ɓarna, amma bangwayen mutanen Inka da ke ƙarƙashinta ko gezau. Ba kwaɓi a cikinsu, duwatsu ne da aka sassaƙa kowanne ya shige cikin ɗan uwansa, bangon ya ɗan jingina ciki, ƙofofi kuma samansu ya fi ƙasansu ƙunci. Sai dai a yi hattara da wannan misali, mutane na son sa fiye da kima. Aikin sarakuna ne, talaka bai taɓa zama a irinsa ba. Kuma duk tsohon ginin da muke gani yau, wanda ya tsira ne muke gani, dubban da suka zube babu mai ɗaukar hotonsu. Wanda ke ganin tsufa kaɗai shaidar ƙarfi ce ya tuna da Maroko: ranar 8 ga Satumba, 2023, girgiza mai maki 6.8 ta kashe kusan mutum 3,000, akasari a ƙauyukan tsaunin Atlas masu ginin dutse da laka, ta kuma rusa babban sashe na masallacin Tinmel da ke tsaye tun ƙarni na 12.

Gyaran gangar Auzinawa

Nan ne ya kamata mu masu shirin zama injiniyoyi mu ji kunya kaɗan a madadin sana'ar. Shekaru da dama a Italiya an ɗauka cewa hanyar ƙarfafa tsohon gida ita ce a cire rufin katako a zuba masa dekin kankare, a zagaye saman bango da katon lintal. Niyyar mai kyau ce, murfin kwalin nan ake nema. Amma mun ce gini mai nauyi ya fi shan duka, kuma nauyin da ke can ƙololuwa ya fi kowane illa. Girgizar 1997 ta nuna abin da ke faruwa in aka ɗora irin wannan murfi a kan ruɓaɓɓen bango, ta 2016 ta maimaita: bangon ya wargaje, dekin ya sauko ɗungurungum bai ko tsage ba, ya danne abin da ke ƙasa. A Norcia ma an yi amfani da kankare. Bambancin shi ne inda aka fara ƙarfafa bangon kansa, murfin ya yi aikinsa. Inda aka ɗora wa kura kaya ba a duba ƙafarta ba, kayan ne ya kashe ta.

Sauran ɓarnar masu gida ne ke yi da hannunsu, kuma za ku gane su don muna ganinsu a unguwanninmu. A fasa bangon ƙasa a yi ƙofar shago mai faɗi, alhali bangon ne ke riƙe da bene. A cire bangon tsakiya don falo ya yi girma. A ƙara hawa ɗaya a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba. A ɗora tankin ruwa na lita 2,000 a kan rufi, wato tan biyu cur, a wurin da ya fi ko'ina lilo. A huda taga dab da kusurwa. A shafe bangon farar ƙasa da filastar siminti mai tauri, ruwa ya shiga ta sama ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi.

Ruwa

Girgiza daƙiƙa ashirin ko talatin take yi. Abin da take tararwa kuwa an shekara hamsin ana shirya shi, kuma mai shirya shi ruwa ne.

Ku bi ɗigo ɗaya. Tayil ɗaya ya zame a rufi, ko kwano ya huje, ko indararo ya toshe da ganye. Ruwa ya sauka a kan bango ya shiga tsakiyar nan mai ɓaraguzai. Kowace shekara yana wanke kwaɓi kaɗan, yana barin rami. A ƙasashen sanyi yana daskarewa ya kumbura ya ƙara buɗe tsagar. Ya isa kan gungumen bene, daidai inda ya shige cikin bango, inda ido ba ya kaiwa. Tsakiyar ɗaki gungumen garau yake, kansa kuwa ya zama soso. Ɗaurin bene da bango ya tafi ke nan, babu wanda ya sani. Ya isa sandar ƙarfe, ta yi tsatsa. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi ninki-ninki, saboda haka sandar tana sirancewa, tana kuma fasa dutsen da ke kewaye da ita. Ɗamarar katakon Kashmir ma haka: ranar da ta ruɓe, bhatar ya koma tarin dutse kawai. Tsuntsu ya kawo irin bishiya ya ajiye a tsaga, saiwa ta bi danshi ta shiga. Hausawa sun gama magana da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk dabarun da muka lissafa, babu wadda ruwa ba ya kwancewa. Gidan da aka gina da kyau a 1860 aka yi watsi da shi, a ranar girgiza bai fi wanda aka gina da ha'inci ba. Ƙauyukan tsaunin Italiya kuwa sun daɗe suna zubar da mutane, matasa sun tafi Rum neman aiki, gidaje da yawa sai lokacin hutu ake buɗe su. Gidan da ba a kwana a ciki, wa zai ji yoyo?

Akwai kuma tsohon rauni. Bangon da ya tsage a ƙaramar girgiza aka shafe tsagar da filasta aka yi fenti, bai warke ba, an rufe masa baki ne. Gine-gine da yawa da suka tsira da rauni a watan Agusta, ta Oktoba ce ta ƙarasa su. Gyaran tsaga na gaskiya shi ne a cire duwatsun da ke gefenta a sake sarƙe su, ko a ɗura kwaɓi har ciki, bayan an gano abin da ya jawo ta.

Aikin kulawar kansa ba shi da wani kwarjini, shi ya sa ba a son sa. Hawa rufi kafin damina. Share indararo. Kankare kwaɓin da ya mutu a cusa sabo irin na asali. Tona kan gungume a soka masa ƙusa a ji ko ya yi laushi. Goge ƙarfe a shafa masa fenti. Gyara magudana don kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Babu gwamnan da zai zo yanke kyalle don an share indararo.

Mu fa, ina ruwanmu?

Wani zai ce mu Allah Ya kiyaye mu, ba ma kan layin girgiza. Haka ne, ba mu kusa da bakin manyan faifan ƙasa kamar Italiya ko Pakistan. Amma a Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna har bangwaye suka tsage, a Satumban 2018 ta motsa a Mpape ta Abuja mutane suka fito waje a firgice, Accra kuma ta taɓa shan mai kisa a 1939. Sannan wanda ya karɓi difloma a nan bai san inda aiki zai kai shi ba.

Abin da ya fi kusa da mu ma shi ne wannan: duk abin da ke kwance ɗaurin gida kafin girgiza, shi ne ke kayar da gidajenmu ba tare da girgiza ba. Kowace damina muna jin gini ya rufta wa iyali cikin dare. Maginanmu na gargajiya sun san maganar nan sarai. Bangon tubali gindinsa ya fi samansa kauri, dabara ɗaya da ta Norcia. Azara daga giginya ake yin ta don gara ba ta cika cin ta ba. Ana shafa makuba don ruwa ya zame, ana fitar da indararo nesa da bango, kuma yaɓe kafin saukar ruwa abu ne da kowane mai gida ya san yana kansa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27, itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakalar masu yaɓe. Wato tun ranar gini an tanadi hanyar da mai gyara zai hau. Mu kuwa yau muna zana bene hawa uku ba mu bar ko ƙofar hawa rufi ba.

Ga aikin da za ku iya yi a wannan zangon ba tare da kobo ba. Ku zaɓi gini ɗaya, na gida ko na unguwa, ku zagaya shi da safe bayan an yi ruwa. Ku duba inda ruwan rufi ke sauka da inda yake kwanciya. In kun ga tsaga, ku fara da inda take. Siririya a filasta kawai, wadda ta bazu kamar gizo-gizo, yawanci ba komai ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, a sa mata ido. Wadda ta miƙe tsaye daidai inda bango biyu suka haɗu, samanta ya fi ƙasanta faɗi, tana cewa kusurwa ta fara rabuwa, wannan a kira injiniya. Ku rataya igiya mai nauyi a baki daga saman bango, irin ta birkila, ku ga ko bangon ya yi ciki ko ya jingina. Sannan ku ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ku auna faɗinta da rula, ku rubuta kwanan wata a gefe. Ku dawo bayan wata ɗaya, ku sake dawowa bayan damina ta ɗauke. In tsagar ta wuce layin fensir ɗinku, ginin yana motsi, kuma kuna da lambobin da za ku nuna wa mai gidan.